Kifin da Ba Ya Cin Abinci a Gaban Jama'a

Ƙannena na Zangon Kwatano, da ku nake, musamman waɗanda sha'awar kiwon kifin ado ta kama. Abin ya fara yawa a cikinku. Wannan ya ajiye akwatin gilashi a shagon aski, wancan a ɗakinsa kusa da talabijin, wani ma gilashin ya saya ya kai aka yanka aka haɗa masa da gam. Ban ga laifin abin ba, ya fi zaman majalisa ana cin naman mutane. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ƙorafi ne guda ɗaya da nake yawan ji a bakinku: an sayo kifi mai tsada, an sayo masa ɗan gwangwanin busasshiyar tsutsa da jikkunan sefa, amma ya ƙi ci. Yana can bayan dutse yana ramewa, sauran kifayen kuwa sai ƙiba suke yi. Maganin da kusan kowa ke fara yi shi ne ya ƙara zuba tsutsa, kuma babu hanyar da ta fi wannan saurin kashe kifin, shi da maƙwabtansa.

Ku fara sanin abin da ke cikin gwangwanin. Galibi ɗayan biyu ne. Akwai jar tsutsa, 'yar wani ƙwaro mai kama da sauro amma ba ya cizo, wadda ke zaune cikin taɓon ƙasan ruwa kafin ta yi fiffike. Jan jikinta daga sinadarin nan ne da ke sa jininmu ya yi ja, shi ke ba ta damar rayuwa inda iska ta yi ƙaranci. Akwai kuma tubifes, siririya ce kamar zare, ana sayar da ita a dunƙule an yayyanka ƙanana masu kusurwa huɗu. Ita mazauninta ya fi muni, don lakar da ruwan ƙazanta ke kwarara a kai take so. A Turai da Amurka an gano ita ce ke ɗaukar ƙwayar cutar da ke sa 'ya'yan wani kifin ruwan sanyi su riƙa juyi a wuri ɗaya har su mutu. Shi ya sa masu kiwo suka daɗe suna ɗari-ɗari da ba da ita da ranta.

Busarwar ba a rana ake yinta ba, ba kuma a kan wuta ba. Ana daskarar da tsutsar ta zama ƙanƙara, a rufe ta cikin tukunyar ƙarfe, a zuƙe iskar ciki kusan duka. Idan iska ba ta danne ƙanƙara, ba ta tsayawa narkewa, tururi take zama kai tsaye ta fice. Sai a bar gangar jikin tsutsar da siffarta da mafi yawan amfaninta, amma cike da 'yan ramukan da ƙanƙarar ta bari. Dabarar ta bunƙasa ne a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ake neman kai ruwan jini da fenisilin fagen fama ba tare da firji ba. Daga baya masu garin kofi suka ɗauka, da masu abincin 'yan sama-jannati, har ta iso hannun kamfanonin abincin kifi irin su Tetra na Jamus da Hikari na Japan. A garin da wuta kan ɗauke ba sallama, wannan ba ƙaramar rahama ba ce, domin tsutsar da ake sayarwa a daskare idan ta narke sau ɗaya ta tashi daga aiki. Busarwar kuma tana rage haɗarin cuta, ko da yake ba ta kawar da shi duka.

Sai dai waɗannan ramukan su ne tushen matsalarku. Tsutsar da ta cika da iska a saman ruwa take tsayawa. Wa ke saman ruwa da rana tsaka, fitila na haske, mutane na kai da kawo? Kifaye marasa kunya: jan kifin nan ɗan asalin China, da gufi, da ire-irensu, waɗanda kaka da kakanni a tanki aka haife su, suka saba da inuwar hannun mutum tana nufin abinci. Kafin tsutsar ta jiƙa ta nutse sun gama da ita. Ka ƙara, su ƙara ci. Wadda ta kuɓuce musu ta faɗa tsakanin tsakuwa ta ruɓe.

Abin da yawancinku ba ku lura da shi ba, kifayen da suka fi wuyar ciyarwa 'yan gida ne. Daga kogunanmu ake kamo su, a tara a Legas, a ɗura cikin leda da iska, a sa a jirgi zuwa Turai da Amurka da Asiya, inda ake yi musu kallon abin alfahari. Akwai kifin nan dogo kamar maciji, ɗan'uwan gartsa, wanda ake samu tun daga kogin Ouémé da ke nan bayanmu har zuwa kogin Sanaga a Kamaru. Idonsa ba shi da ƙarfi, da sansana yake farauta cikin dare, yana da huhu yana shaƙar iska, kuma idan murfin tanki yana da ƙofa ko ta yatsa ce, da safe a ƙasa za ka tsince shi. Akwai dangin kurungu, da ke wuni a maƙale cikin kogon itace. Sai babban gwanin ɓuya, ɗan baƙin kifi daga dangin miligi mai dogon haɓa kamar hannun giwa, wanda masana ke kira Gnathonemus petersii. Kusan duk wanda ka gani a kasuwa daga kogi aka kamo shi. Jiya-jiya yana cikin ruwa mai duhu a ƙarƙashin saiwoyi, yau an ajiye shi a tsakiyar shago ƙarƙashin farar fitila, kiɗa na tashi, yara na ƙwanƙwasa gilashi.

Wannan mai dogon haɓa ya cancanci a tsaya a kansa. A 1951 wani masani a Jami'ar Kambirij mai suna Hans Lissmann ya nuna cewa yauni, kifin da masuntanmu suka sani tun fil azal, yana fitar da wata 'yar wutar lantarki daga wutsiyarsa ba dare ba rana. Ba irin ta minjirya ba ce mai girgiza mutum, ba za ka ma ji ta a hannu ba. Ya biyo sawun abin har kogunan arewacin Gana, kuma zuwa 1958 shi da abokin aikinsa Ken Machin sun tabbatar da cewa da wannan wutar kifin yake gane abin da ke kewaye da shi cikin duhu. Dangin miligi ma haka suke. Haɓar nan cike take da jijiyoyin jin lantarki, da ita yake bin yashi yana laluben tsutsa. Binciken Gerhard von der Emde a Jamus ya nuna kifin yana iya bambance abu mai rai da matacce ta yadda kowannensu ke karɓar wutar. Aikin yana cin ƙwaƙwalwa ƙwarai: Göran Nilsson ya auna a 1996 ya tarar ƙwaƙwalwar wannan kifi tana cinye kusan kashi 60 cikin 100 na iskar da jikinsa ke shaƙa, mu kuwa tamu kusan kashi 20 ce.

To ku duba abin da muke miƙa masa. Shi a ƙasa yake nema, cikin dare, abu mai rai da ke motsi cikin laka. Mu kuma mun watsa masa busasshen abu a sama, da rana. Ba girman kai ne ya hana shi ci ba, a wurinsa ba a kawo abinci ba tukuna.

Maganin rabin wannan matsala yana nan kusa da mu, ba sai an shiga intanet ba. Duk wanda ya taɓa shiga kwalekwale zuwa Ganvié ya ga rassan itace a kakkafe cikin tafkin Nokoué, fage-fage kamar gonaki. Akaja ke nan, dabarar Tofinu, mutanen da suka gina garinsu a kan ruwa. Masunci yana kafa rassa cikin laka inda ruwa bai yi zurfi ba, ya tafi ya bar su watanni. Kifi da kansa yake zuwa, domin ya sami inda tsuntsu da babban kifi ba sa ganinsa, ga kuma gansakuka da ƙananan halittu da ke tsirowa a jikin rassan yana kiwo a kai. A nan yake ci, a nan yake haihuwa. Ranar kamu sai a kewaye da taru a cire rassan. Wani masani, Robin Welcomme, ya wallafa nazarinsa a kan abin a 1972, tun ana kiran ƙasar nan Dahomey, ya nuna abin da ake samu a akaja ya ninka na sararin tafki sau da yawa. Dabarar tana da illarta, tana cinye itatuwa tana cike tafki da ruɓaɓɓen reshe, har dokar kamun kifi ta 2014 ta hana ta. Amma ilimin da ke ƙarƙashinta bai tsufa ba. Masuncin bai zuba ko ƙwayar abinci ba. Maɓoya ya bayar, cin ya biyo baya.

Ku kuwa tankinku fayau yake, don kuna so ku ga kifin da kuka biya kuɗinsa. Na fahimci wannan, amma lissafin a juye yake. Kifin da ya san akwai rami kusa da shi yakan fito ya yi yawo, don ya san inda zai faɗa idan an motsa. Wanda ba shi da ko ɗaya sai ya manne a kusurwa bayan matatar ruwa ya ƙi motsi. Ku sa masa guntun bututun roba na masu aikin famfo, ko fasasshiyar tukunyar ƙasa da aka goge kaifinta, ko ƙoƙon kwakwa da aka kankare aka tafasa. Maɓoya ta fi yawan masu ɓuya, don kada mai ƙarfi ya kore raunana. A sama ku sa kainuwa bayan kun wanke ta sarai, ganyenta zai tare haske, saiwoyinta su zama labule. Ƙasan tanki kuma yashi mai laushi, domin tsakuwa mai kaifi tana yanka haɓar mai laluben nan, idan ta yi miki kuwa ya daina ci ke nan. Kada ɗoki ya sa ku ɗebo rassa ko ruwa daga tafkin. Tun da Faransawa suka haƙa mashigin da ya haɗa Nokoué da teku a 1885 ruwan yake gauraye da gishiri, ga dattin da ke gangarowa daga gari da kasuwar Dantokpa.

Mu 'yan Zango bai kamata a koya mana yadda ake ciyar da mai kunya ba. Gidajen iyayenmu gidajen saukar baƙi ne. Baƙon da ya sauka yau daga Maraɗi ko Sakkwato, idan aka ajiye masa kwano a tsakar zaure cikin samarin gida, zai ɗan taɓa ya ce alhamdu lillahi ya ƙoshi, samarin su share kwanon. Maigidan da ya san aikinsa ba ƙara tuwo yake yi a zaure ba. Yakan sa a kai wa baƙon nasa ɗaki, a ja ƙofa, kuma da safe ya leƙa kwanon.

Haka za ku yi. Da yamma ku fara sallamar masu haɗama da ɗan garin abincinsu a gefe ɗaya na tankin. Bayan Magariba a kashe fitilar tanki, a bar su su lafa. Ku ɗebi ruwan tankin a ɗan kofi, ku jiƙa tsutsa kaɗan na minti biyar zuwa goma, kuna dannawa da cokali har iskar ta fita ta fara nutsewa. Jiƙawar tana da wani amfanin, domin kifin da ya haɗiye ta a bushe yana haɗiyar iska, kuma a cikinsa za ta kumbura. Bayan Isha'i sai ku zuƙe ta da sirinji marar allura da aka ɗaura wa ɗan siririn tiyo, ku kai ta bakin ramin, ku saki a hankali, ku ja baya ku zauna. Dunƙulen tubifes kuma idan ka danna shi a jikin gilashi daga ciki yana mannewa, sai ka danna shi can ƙasa kusa da maɓoya maimakon sama inda aka saba. Wuri ɗaya, lokaci ɗaya, kowane dare. Cikin 'yan kwanaki za ku ga ya fara leƙowa tun kafin tiyon ya iso. Idan kuna son kallo, ƙaramar jar fitila mai rauni ba ta cika damunsu ba. Kada dai ku haska masa tocilan waya a fuska, kifi na ganinka mai jar koma.

Ba kowane mai kunya ba ne ke ci a ƙasan ruwa. Akwai wani mai faffaɗan fiffike kamar malam-buɗe-littafi, daga kogunan kudancin Najeriya, wanda ke kwance a saman ruwa tsakanin ganye yana jiran ƙwaro ya faɗo. Shi idan abinci ya nutse ya wuce shi ke nan, don bakinsa sama yake kallo. A wurinsa tsutsar da ke yawo a sama ita ce daidai. Kafin ka sayi kifi ka dubi bakinsa, zai gaya maka inda yake cin abinci.

Sabon kifi yakan yi kwana uku ko huɗu bai ci ba, wannan ba abin tashin hankali ba ne. Abin dubawa shi ne ciki da gadon baya. Idan ciki ya fara shigewa, bayan kai ya fara tsukewa, to lokacin lallashi da busasshe ya wuce, a nemo mai rai. Tana, tsutsar ƙasar nan da ke fitowa da damina, ita ce ta fi sauƙi: a haƙo daga ƙasar da ba a zuba mata maganin ƙwari ko ruwan wanki ba, a ajiye ta kwana ɗaya cikin jiƙaƙƙen tsumma ta fitar da ƙasar cikinta, a yayyanka daidai bakin kifin. Idan ya kama ci sai a riƙa cakuɗa ta da jiƙaƙƙiyar busasshiya, ana rage wannan ana ƙara waccan. Wasu za su karɓa, wasu daga cikin masu dogon haɓa kuwa har abada ba za su karɓa ba, kuma wanda ba zai iya haƙar tana duk mako ba gara ya bar wannan kifi a wurin mai sayarwa. Wanda ya je Porto-Novo ya shiga Cibiyar Songhaï, wadda Fada Godfrey Nzamujo ya kafa a 1985, ya ga yadda suke kiwon tsutsar ƙuda daga sharar gona suna ciyar da tarwada, zai gane abincin kifi ba lallai sai ya zo cikin gwangwani ba. Abu biyu dai na hana ku. Kada ku kwaso jar tsutsa daga kwatar unguwa, komai kyanta a ido. Kada kuma wani ya ce zai ajiye bokitin ruwa a bayan ɗaki ya tara 'ya'yan sauro don kifi. Kifin zai so su, amma zazzaɓin da ke Kwatano ya ishe mu, ba sai an buɗe masa gona a tsakar gida ba.

Na san abin da ke tura hannunku cikin gwangwani tausayi ne. Kun ji malamai suna kawo hadisin matar da ta tsare kyanwa har yunwa ta kashe ta, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, kuma gaskiya ne duk abin da ka rufe a akwati haƙƙinsa yana wuyanka. Amma haƙƙin kifi na farko ruwa ne. A ciki yake numfashi, a ciki yake bayan gida. Fiye da rabin nauyin busasshiyar tsutsa furotin ne, kuma furotin da ya ruɓe, ko ya bi ta cikin kifi, amoniya yake zama. Akwai bakteriya masu amfani da ke zaune cikin soson matata suna sauya amoniyar zuwa abin da bai kai ta dafi ba, sai dai suna ɗaukar makonni huɗu zuwa shida kafin su kafu a sabon tanki, kuma abin da za su iya ci yana da iyaka. Ga zafin garinmu, wanda ke ƙara wa amoniya dafi ya kuma rage iskar da ruwa ke riƙewa. Idan kun ga ruwa ya yi fari-fari, kifaye sun taru a sama suna buɗe baki, ruwa ba ya tsami banza, ku tuna abin da kuka zuba shekaranjiya. Duk safiya a zuƙe ragowar daren jiya da tiyo. Duk mako a canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, da ruwan famfo da ya kwana ɗaya ko biyu a buɗaɗɗen bokiti kulorin ya fice. Ruwan rijiyar Kwatano kusa yake da sama, kusa kuma da masai, ban ba ku shawararsa ba. Soson matata a ɗauraye shi cikin tsohon ruwan tanki, kada a kai shi bakin famfo. Ranar da aka ɗauke wuta injin iska ya tsaya, ranar azumi ce ga kowa a tankin.

Gwangwanin kansa yana da abokin gaba a nan bakin teku. Abin da aka zuƙe wa ruwa har ƙarshe, ruwa yake nema, kuma iskar Kwatano daga Afrilu zuwa Yuli jiƙe take. Ka bar murfi a buɗe, ko ka sa jiƙaƙƙen yatsa ciki, cikin ɗan lokaci ya yi laushi, ya canza wari, fumfuna ta kama. Ku sayi ƙarami, ku rufe da sauri, kada ku ajiye shi a kan murfin tanki inda zafin fitila da tururi suka haɗu. Wanda aka ƙulla a farar leda ba suna ba kwanan wata, ku bar wa mai shi. Ku riƙa ɗiba da cokali, domin ƙurar jar tsutsa tana sa wa wasu ƙaiƙayin ido da atishawa, tana kuma tayar da asma. Wanda ya ga haka a jikinsa ya koma wani abincin. Kuma tsutsa kaɗai ba ta isa abinci ba, ko ga wanda ya karɓe ta. A riƙa sauya masa da ƙwayoyin abinci masu nutsewa da ɗan ɗanyen jatan lande da aka daka, wanda ba ya wuyar samu a garin nan.

Saura maganar tafiya, don na san da yawanku kan tafi gida da Sallah. Babban kifi mai lafiya yana yin mako guda ba ci ba abin da zai same shi. Abin da ke kashe kifin matafiyi shi ne ƙanen da aka bar wa amana, wanda duk sanda ya wuce ya ga sun taso sai ya ce yunwa suke ji. Idan tafiyar ba ta wuce mako ba, ka canza ruwa kwana ɗaya kafin ka tashi, ka ce kada kowa ya ba su komai. Idan za ta wuce, ka auna abincin kowane kwana biyu a 'yar leda daban ka ƙulle tam, ka nuna masa bakin ramin da lokacin, ka sa ya yi sau ɗaya a gabanka. Gwangwanin kuwa ka sa shi cikin jakarka ka tafi da shi.